Fatar Ragon Sunan Rakiya

Rakiya, ke kika jawo wannan rubutun, don haka ke za ki fara karantawa, sannan ki miƙa wa yayyenki Musa da Bilkisu. Ran bikin jikan Gwaggo Asabe a unguwar Didawure ina bayan rumfa ina wanke hannu na ji wata jikarta tana ce miki, wai cikin wasa, ubanki ya gudu Dapango don kada ya yanka miki ragon suna. Kika yi dariya. Ban ga laifinki ba, tun kina goye ake faɗa miki haka. Amma yarinyar da ta faɗa, masarar da na noma a shekarar ce ta riƙe ran uwarta, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata. Ni ba malami ba ne. Lakwal, makarantar boko, ban gama ba, allo ma ban sauke ba. Abin da ya faru shi zan rubuta, yadda ya faru, wanda bai ji daɗi ba ya zo ya same ni, ya san gidana.

A shekarun rigimar mulki ina Lome, ina aiki a garejin manyan injuna kusa da tashar jiragen ruwa. Tarakta, katafila, injin ɗaga kaya, duk sun bi ta hannuna. Ina da ɗaki biyu da falo, ina da babur, uwarku Hajara tana toya ƙosai don sha'awa ba don dole ba. Sai manya suka fara faɗan kujera. Yau zanga-zanga, gobe harbi, jibi a ce yajin aiki, kowa ya zauna a gida. Aka zauna, wata ya bi wata. Mai garejin ya sa kwaɗo ya tsallaka Gana, har yau ban sake ganinsa ba. A unguwa kuwa ɗan arewa ba shi da gaskiya ko ta ina: in ka fita neman aiki a ce kai na gwamnati ne, in ka zauna soja su ce kai ɗan adawa ne. Ni ban san kujerar kowa ba, sufanar makaniki na sani. Da harbi ya iso layinmu na sayar da babur, na ɗora ku a motar doya da ke komawa wayam, Musa da Bilkisu a cinya, ke kuma a cikin uwarki, muka nufo Sokode. Waɗanda suka yi wancan faɗan yau suna zaune tebur ɗaya suna raha. Ni babur ɗina bai dawo ba.

Gidanmu na Zangon Sokode kun san shi. Mahaifinmu ya riga ya rasu, Yaya Garba ne babba, shi ya gaji zauren da baducin, yana ɗinka takalma da kube da jakunkuna kamar yadda kakanninmu suka yi. Ni ne na farko a gidan da ya ƙi riƙe basilla, kuma bai taɓa yafe mini ba. To ba mu kaɗai muka gudo ba. Gwaggo Asabe ta zo da 'ya'yanta mata da nasu 'ya'yan, wasu ma ban san ta inda muka haɗa jini ba. Ana kwana har a zaure tsakanin fatu. Tukunya ɗaya ce, kuma Yaya ne ke cika ta, a lokacin da ba mai sayen sabon takalmi. Tuwon da ake yi sau biyu ya koma sau ɗaya, ya koma koko da rogo. Na zaga garejin Sokode kaf, kowa yana zaune a kan benci yana korar ƙuda, don ba mota a hanya balle ta lalace.

Abin da ya fi yunwa ciwo shi ne bakin mutane. In an ajiye kwano sai Gwaggo ta ɗaga murya don in ji:

"A ƙara wa injiniya miya. Hannunsa bai saba da gaya ba, a Lome da cokali yake ci."

Yaya ba ya irin wannan, shi nasa a fuska yake faɗa. Wata safiya na zauna a zaure ina kallonsa yana fiƙe fata, ya ce ba tare da ya ɗago ba:

"Sani, da ka riƙe sana'ar ubanka da yanzu hannu huɗu ke ciyar da gidan nan. Ga ƙarfen naka, dafa mana mu ci."

Mai ci a kwanon wani ba ya da amsa.

Isufu direba ne ya kawo labarin. Shi kaɗai ke da zuciyar bin hanyar Sokode zuwa Dapango a lokacin, yana kai doya yana dawo da shanu, yana lallashin soja a kowane shinge. Ya ce akwai wani tsoho Bamoba, ɗan ƙabilar Moba, a bayan Dapango, Baba Lare, yana da tarakta da ya saya tun da aka watse gonar gwamnati. Injin yana tashi lafiya, amma ba ta iya ɗaga garma. Shanun nomansa ɗaya ya mutu, ɗaya ya sayar. Wai tsohon ya ce duk wanda ya sa taraktar nan ta ɗaga garma kafin shuka ta wuce zai ara masa gona, ya nome ta da taraktar, abin da ya fito nasa ne.

A lokacin uwarki ta shiga watanta. Na same ta a bayan ɗaki tana tsince dutse a cikin 'yar shinkafar da aka ba ta, na faɗa mata. Na ce in na tsaya haihuwa da suna ruwan fari zai wuce ni, kuma damina a can gajeruwa ce, ba ta jiran kowa.

"In ka zauna, me za ka yanka ran sunan?" ta ce.

"Ba ni da ko kaza."

"To ka ga zamanka bai ƙara rago ba. Tafi. Amma ka sani za su ce gudu ka yi."

"Su ce."

"Kai za ka tafi ka bar maganar. Ni ce zan zauna da ita."

Haka aka yi, kuma ita ta zauna da ita. Ku riƙe wannan game da uwarku. Yaya da na yi masa sallama bai miƙe ba, ya ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake ce wa baƙon da ya daɗe.

Baba Lare dogo ne siriri, Hausarsa ta kasuwa ce, komai a wurinsa namiji ne. Ya kai ni gindin wata ɗorawa inda taraktar take, ja ce da can, rana ta mayar da ita kalar ƙasa, da garma mai faifai uku a ɗaure a bayanta. Ya dafa ta kamar mai dafa doki.

"Da safe saurayi ne," ya ce. "In rana ya yi zafi sai ya zama ni."

Ya nuna mini gonar da zai ara mini, fili mai jar ƙasa ya gangara zuwa fadama. Sharaɗinsa biyu, irin na mutanensu: ba zan dasa itace ba, don itace na mai ƙasa ne, kuma kwandon farko nasa ne. Na ce na yarda. Ya ba ni ɗakin ajiyar gyaɗa na shimfiɗa tabarma.

Ku ba ku san aikin nan ba, bari in yi muku bayani yadda za ku gane. A bayan tarakta akwai hannuwa biyu na ƙarfe, su ke ɗaga garma in an kai ƙarshen kunya za a juya. Ba injin ke ɗaga su kai tsaye ba, mai ne. Famfo yana zuƙo mai ya tura shi da ƙarfi cikin wani bututu mai faɗi kamar bakin ƙaramin turmi, shi ake kira silinda. A cikinsa akwai fistan, man ya tura fistan, fistan ya tura hannuwan, garma ta tashi. In man bai isa ba, ko famfon ya gaji, ko man yana zurarewa ta gefen fistan, sai ka ga garma tana rawa ta kasa tashi. Tarakta kuwa in ba ta ɗaga garma ba ta juyawa, ba ta fita hanya, ba ta da amfanin da ya wuce na amalanke.

Na tayar da taraktar na ja sandar ɗaga garma. Garma ta tashi a hankali tana kakkarwa, famfon yana kuka kamar akuya a ɗaure. Da injin ya ɗumama ta ƙi wuce gwiwata. Na kwance mazubin ƙasa, abin da ya fito ba mai ba ne, kunu ne baƙi da kumfa da ruwa. Ashe duk man da aka juye daga injin niƙa da janareton asibiti shi suke ɗura mata, kuma don su kyauta sai su tace shi da auduga, tun da ƙasar auduga ce. Matatar famfon na ciro ta kamar sheƙar tsuntsu. Na wanke ta da kananzir, na wanke cikin akwatin mai har hannuna ya fara saɓa, Baba Lare ya sayar da zabi muka sami mai mai tsabta wurin wani mai ajiya a gari. Kukan famfo ya tsaya. Garma ta tashi har sama, tsoho ya fara tafi. Na ce ya dakata. Na kashe injin muka tsaya muna kallo, sai ga ta tana sauka da kanta, sannu sannu, har faifan suka taɓa ƙasa. Na buɗe murfin gefe na leƙa, mai yana tsiyaya daga bakin silinda kamar rufin da ke yoyo. Na sauke murfin sama gaba ɗaya na zaro fistan. Zoben robar da ke tare mai ya bushe ya farfashe, ina taɓa shi yana zuba kamar gawayi.

Zobe ne da bai kai faɗin tafin hannu ba. A Lome da aike zan yi a kawo mini kafin in gama shan shayi. Amma tashar jiragen ruwa a rufe take, shagunan kaya a rufe. Na bi Dapango kanti kanti, Isufu ya tambaya a Mango da Kara, babu. Na yanka robar taya na gwada, mai ya cinye ta ta kumbura. Sai na tuna wani tsohon makaniki da ya koya mini aiki ya taɓa cewa injunan da, kafin roba ta yi yawa, da fata ake tare musu mai. Na zauna gindin ɗorawar nan ina zagin sa'ata. Duk duniya ba mutumin da ba na son roƙo kamar Yaya Garba, kuma duk inda na sani ba mai hannunsa a fata. Na ƙulla zare daidai faɗin fistan, na haɗa da guntun tsohon zoben, na ba Isufu. Na ce ya gaya wa Yaya ina son zoben fata mai kauri daidai wannan awon.

Aka daɗe. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ran da Isufu ya dawo ruwan fari ya riga ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, maƙwabta masu shanu sun fita. Ya sauko daga mota yana sosa ƙeya, ya miƙo mini ƙunshi.

"Saƙo biyu ne, maigida. In faɗa yadda aka faɗa mini, ko in gyara?"

"Faɗi yadda aka faɗa."

"Hajara ta sauka lafiya, mace, an sa mata Rakiya. Yayanka ne ya yanka rago. Ya ce nama ya ƙare, ga rabonka."

Na kwance ƙunshin. Zobe ne, an rina shi ja, an ninka fatar an ɗinke da ƙananan ɗinki a jere kamar na kuben sarauta. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irinsa ba. Na murza shi a yatsa na san fatar tunkiya ce. Yaya ya karɓi fatar ragon sunanki, wadda a al'ada ungozoma ake ba, ya fanshe ta da takalmi, ya jeme ta da kansa, ya yanko mini. Rabi albarka ce yake nufi, don a wurin baduku ba abin da ya kai fatar ragon suna tsarki. Rabi kuma mari ne, don in riƙe a hannuna abin da ya yi mini wanda ban iya yi ba. Na gane duka biyun. Rakiya, haka na sami labarin zuwanki duniya, a tsaye a bakin hanya da baƙin mai har gwiwar hannu.

Na san fatar tunkiya ba ta da ƙarfi, amma ba ni da wata, ga ruwa ya sauka. Kuma zuciyata ta ce wa ya sani, ko yarinyar da arzikinta ta zo. Na jiƙa shi a mai na ɗaura, na mayar da murfi. Mutanen ƙauyen suka taru, har mata da tulu a ka. Na ja sanda, garma ta tashi tsaf, ta tsaya. Baba Lare ya cire hula. Ban gama murmushi ba na ji wani ɗan sauti daga ciki, kamar an yaga tsumma, garma ta faɗo tim, ƙasa ta girgiza, kaji suka watse. Wani ya yi dariya, saura suka kama. Tsoho ya mayar da hularsa, ya dubi sama, ya dube ni.

"Ɗan Zango, ruwa ba ya jira. In tarakta ya ƙi, zan ba surukina gona ya shuka da fartanya ko rabi ne."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma zalunce ni ba. Na roƙe shi ya ba ni zuwan Isufu ɗaya. Na zaro zoben, ya yage daidai kan ɗinkin. Na naɗe shi a ƙunshinsa na ba Isufu.

"Ka ce masa aikinsa ya yage a gaban mutane. Ka ce in baduci ya ƙare a gidanmu ya faɗa mini, in nemi na Mango."

"Haba maigida, in faɗa wa Garba wannan? A zaurensa? Ga wuƙaƙe a gabansa?"

"Kalma ɗaya kada ka rage."

Mutane sun ce rashin kunya na yi wa wanda ya yanka wa 'yata rago. Ni na san ɗan'uwana. Da na roƙe shi da ladabi da ya sake aiko wani zoben mai kyau, ya sake yagewa. Abin da nake so shi ne ya zo ya gani da idonsa, kuma ba abin da zai raba Yaya da zauren nan sai a taɓa masa sana'a.

Ya zo. Mutumin da bai taɓa wuce Kara ba ya hau saman buhunan doya, ya bi duwatsun hanya, soja suka sauke shi a shinge bayan shinge suna zazzage masa jaka suna tambayar me zai yi da wuƙaƙe. Ina kwance ƙarƙashin tarakta na ji muryarsa tun daga bakin hanya.

"Ina yake? Ina marar kunyar? Fito! Ni za ka aiko wa Isufu ya zaga a gaban almajiran sana'ata? Na ciyar da matarka, na ciyar da 'ya'yanka, na yanka ragon da na ajiye wa layya!"

"Sannu da hanya, Yaya."

"Riƙe sannunka! Aikina bai taɓa yagewa ba. Kai ne ba ka iya sawa ba, ɗan ƙarfe kawai."

"To ga ramin, sa da kanka."

Ya ture ni, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin silindar. Ya shafa bangon da yatsa, ya ɗauki fistan ya juya shi, ya tambaye ni ta ina man ke zuwa, da wane irin ƙarfi. Na ce ƙarfin da zai ɗaga garmar nan da shi a kai. Ya dubi garmar.

"Shi ne ka aiko mini da zare? Ni na taɓa yi wa mutum takalmi ban ga ƙafarsa ba? Da ka ce zuga-zugi ne na mai, da na san abin yi. Ɗinki ba ya zama a nan. Fata ɗaya ake so, a lanƙwasa ta kamar ƙoƙo, bakinta ya fuskanci man. In ya turo, shi da kansa zai manna ta da bango."

Ya buɗe jakarsa. A ƙasan wuƙaƙen ya zaro wani guntun kirgi baƙi mai kauri kamar yatsa, na gane shi nan take. Wuyan bajimi ne da mahaifinmu ya jeme da bagaruwa ya ajiye, Yaya ba ya barin kowa ya taɓa. Wato duk zagin da yake yi tun daga Sokode, da kirgin a jakarsa yake yi. Bai dube ni ba.

Ya jiƙa kirgin a ruwa mai ɗumi har ya yi laushi. Baba Lare ya sassaƙe kan wata tsohuwar taɓarya daidai awon da na ba shi. Yaya ya ɗora fatar a bakin silinda, gefen santsi a waje, muka danna ta ciki da taɓaryar, ni da shi muna nishi, muka ɗaure da igiya da dutse a kai. Na ce mu sa a rana ta bushe da wuri.

"A inuwa," ya ce.

"Yaya, mutane sun gama shuka."

"Su gama. In ta sha rana za ta tsage, ka sake aiko mini da zagi. Ƙarfenka ka sani, wannan bar mini."

Jiran nan ya fi komai wuya. Ruwa ya sake sauka, ciyawa ta fara rufe gonar da aka nuna mini, surukin Baba Lare yana zuwa yana zagaya ta da fartanya a kafaɗa yana gaishe ni da fara'a. Na hana kaina zama, na yanke faranti a jikin wani tsohon faifan garma, na huda shi, na huda kan fistan, don a matse fatar a tsakani da ƙusa mai zare. Yaya kuwa yana zaune da tsoho gindin ɗorawa yana gyara masa takalmi, suna hira da Hausar da ɗaya ke karyawa ɗaya ke gyarawa. Da fatar ta bushe ta fito kamar ƙaramin ƙoƙo. Ya fiƙe bakinta da wuƙarsa har ya yi siriri, ya tsoma ta a narkakken man kaɗanya ta sha ta ƙoshi. Ni na ɗaura, shi ya riƙe mini fistan. Tun muna yara ba mu taɓa sa hannu a aiki ɗaya ba sai ranar.

Wannan karon ban kira kowa ba, amma sun zo. Garma ta tashi. Ban yarda ba, don da safe ai saurayi ce. Na shiga gonar Baba Lare na yi ta noma, ina kaiwa ƙarshe ina ɗagawa ina juyawa, har rana ta take, akwatin mai ya yi zafin da ba a taɓawa. Na dawo gindin ɗorawa na ce Yaya ya hau garmar. Kun san jikinsa, Allah ya jiƙansa, ba ƙaramin mutum ba ne. Ya ce shi ba yaro ba ne, tsoho ya zuga shi, ya hau ya riƙe ƙarfe yana salati. Na ja sanda, ya tashi sama da babbar rigarsa yana ihu:

"Sauke ni, ɗan banza! Sani! Sauke ni, na ce!"

Da ya sauka na sake ɗaga garmar na kashe injin. Baba Lare ya shiga gida ya fito da ƙwan zabo. Ya tara ƙasa a ƙarƙashin faifai ɗaya, ya ɗora ƙwan a kai, tsakaninsa da bakin ƙarfe bai fi kaurin yatsa ba.

"Mu je mu ci tuwo," ya ce. "In ƙwai ya fashe, surukina. In bai fashe ba, kai."

Muka yi alwala muka yi azahar, Yaya ya ja mu, ni da shi. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ban san ɗanɗanonsa ba. Tsoho kuwa da gangan yake ci a hankali, ya sha ruwa, ya sakace haƙori, ya ba da labarin san nomansa da ya mutu. Da muka fito inuwar ɗorawa ta riga ta juya. Garma tana nan a sama inda na bar ta. Baba Lare ya durƙusa ya ɗauko ƙwan, ya ɗaga shi kowa ya gani, ya sa a tafin Yaya.

Washegari na kai Yaya bakin hanya wurin motar Isufu. Tsoho ya cika masa ƙwarya da ƙwan zabi a cikin ƙaiƙayi, ya ce a kai wa mai jego. Yaya ya sa ƙafa a taya zai hau, sai ya juyo ya zaro jan zoben nan da ya yage ya cusa mini a aljihu.

"Riƙe, na yarinyar ne. Goshinka ta ɗauko, Allah ya sa ba da bakin ba." Ya hau ya zauna a kan kaya, ya gyara ƙwaryar a cinya. "Ka yi noma, Sani. Gidan yana hannuna har kaka. Bayan kaka yana hannunka."

Na yi noma. Na nome tawa, na nome ta tsoho, na nome wa rabin ƙauyen ana biyana da hatsi. Masara ta yi, dawa ta yi. Kwandon farko na kai wa Baba Lare, sauran Isufu ya loda har motar tana nishi, na zauna a kai muka shiga Zango da rana tsaka don kowa ya gani. Gwaggo Asabe ce ta fara kawo kwano. Ta ce injiniya ya dawo, na cika mata. A ranar na fara ɗaukarki, kin riga kin fara zama, kika kama mini gemu kika ƙi saki. Da rani na kwashe ku muka koma Dapango, inda kuka girma. Mangwaron da kuke hawa a bakin gona, bayan shekaru Baba Lare da kansa ya kawo mini dashensa ya ce in dasa, kun san abin da wannan ke nufi a wurinsu. Kirgin mahaifinmu kuwa ya yi damina da yawa a cikin taraktar nan, har aka buɗe hanya roba ta dawo kasuwa ban ga dalilin cire shi ba.

Ban halarci sunanki ba, gaskiya ne, kuma ba ni na yanka ragon ba. Amma in wata ta sake ce miki ubanki ya gudu, kada ki yi dariya, kada kuma ki yi faɗa. Ki zo ki buɗe akwatin sufanuna, a kusurwar hagu cikin tsumma akwai jan zobe yagagge. Ki kai mata ta riƙe a hannunta. Ki ce mata wannan fatar ragonki ce, kuma ita ce ta haɗa ni da Yaya Garba muka ciyar da gidan da ya haifi uwarta.